Kafin Ka Yarda a Sauke Giyar Motarka

Ni mai gyaran wutar mota ne a nan cikin garin Bauchi, abin da jama'a ke kira mai wayarin. Giya ba fannina ba ce tun asali. Lokacin da aka kai ni koyon aiki ina yaro, Fijo 504 da 505 da ake haɗawa a Kaduna su suka cika gari, kuma iyakar abin da ya haɗa mai wayarin da giya shi ne ɗan makunnin fitilar ribas. In giya ta samu matsala makaniki ne zai kwanta ƙarƙashin mota, mu namu fitilu ne da kik da caji. Yanzu kuwa da wuya mako ya wuce ba a turo min mota otomatik ba, mai ita yana cewa an gaya masa giya ta tafi, sai dai a nemo wata daga Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas. Wasu da gaske giyar ta tafi. Amma da dama daga cikinsu abin da ke damunsu bai wuce sensa ɗaya ba, wato 'yar na'urar da ke auna wani abu a mota ta sanar da kwamfuta, ko waya ɗaya da ta goge. Abin da ke ci min rai shi ne wasu sai an kashe dubban ɗaruruwan naira an ɗora wata giyar, ciwon ya dawo yadda yake, sannan ake tunawa da mu.

Sai mutum ya san wanda ke canza giya a motar yau kafin ya gane dalili. A tsofaffin motoci otomatik babu kwamfuta a cikin maganar. Akwai wata na'ura mai juyawa a kan sandar da ke fitowa daga giya, tana ƙara ƙarfin man giya gwargwadon gudun mota, akwai kuma kebul da ya taho daga totur yana nuna yadda direba ya taka. Su biyun ke ja-in-ja a cikin gidan bawul, wato wurin da ake rarraba man giya, wanda ya rinjaya shi ke sa giya ta hau ko ta sauka. Daga shekarun 1980 zuwa na 1990 kamfanoni suka miƙa wannan aikin ga kwamfuta, wadda a gareji muke kira biren bos. A wasu motocin kwamfuta ɗaya ce ke riƙe da inji da giya, a wasu kowanne da tasa, suna magana da juna ta waya. Ita kuwa kwamfutar nan makauniya ce. Ba ta ganin hanya, ba ta san hawa ake yi ko gangara ba, ba ta san mutum ɗaya ne a mota ko an yi lodin buhunan masara ba. Sensoshi su ne 'yan jagoranta. In ɗan jagora ya ce tsallaka alhali babu rami, za ta tsallaka. In ya yi shiru a bakin rami, za ta faɗa.

Abu biyu kwamfutar ke yanke hukunci a kansu a kowane lokaci. Na farko kowa ya san shi: yaushe za a bar giya ta ɗaya a shiga ta biyu, yaushe za a dawo. Na biyun ne mutane ba su sani ba, kuma shi ne ke kashe giya, wato da wane ƙarfi mai zai matse faiba. A cikin giya otomatik akwai jerin fayafayan kuloci, waɗanda makanikai ke kira faiba, suna jiƙe cikin man giya. Ba ƙafar direba ke matse su ba, mai ne da famfo ke turowa, kwamfuta kuma tana daidaita ƙarfinsa ta hanyar solinoyid, wato ƙaramin bawul mai aiki da lantarki. In inji na aiki a hankali, matsi kaɗan ya isa, canjin giya ya zo da laushi har ba za ka ji ba. In an taka totur ko ana hawa da kaya, dole a ƙara matsi, in ba haka ba faiba za su riƙa zamewa a kan juna. To ta ina kwamfuta ke sanin nauyin da ke kan inji? Daga sensar totur, da kuma sensar da ke auna iskar da inji ke shaƙa.

Sensar iskar nan na fi so a kula da ita, domin yanayin ƙasarmu bai yi mata daɗi ba. A yawancin motoci wata 'yar siririyar waya ce a cikin bututun da ya fito daga matatar iska. Ana ɗumama ta da lantarki, iskar da ke wucewa tana sanyaya ta, kwamfuta kuma ta lissafa yawan iskar daga yawan wutar da wayar ke ci don ta riƙe zafinta. Yanzu ka tuna ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, ka tuna unguwanninmu da ba su da kwalta, ka tuna yadda ake cire matatar iska a yi ta hura mata iska mai ƙarfi har takardar ta yage, a mayar da ita haka nan. Ƙura ta samu hanya, ta lulluɓe wayar. Wayar da ta sha ƙura ba ta jin sanyin iska yadda ya kamata, sai ta riƙa ba da lissafin da bai kai gaskiya ba, musamman lokacin da aka taka mota sosai. Kwamfuta ta ɗauka inji yana hutawa, ta shiga babbar giya da wuri, ta kuma rage matsi.

A cikin gari, daga Wunti zuwa Yelwa, ƙila ba za ka lura da komai ba, sai ɗan nauyi wajen tashi. Hanyar Jos ce ke tona asiri. Bauchi tana kan tudun da ya kai kusan mita 600 daga teku, Jos kuma kusan mita 1,200, saboda haka daga Magama Gumau zuwa Tilden Fulani har ka shiga Jos mota aikin hawa take yi. A nan ne mai lura zai ga allurar juyin inji ta yi tsalle sama daidai lokacin canjin giya, inji ya yi kuka na ɗan lokaci kafin giyar ta kama. Wannan tsallen shi ne zamewar faiba. Duk zamewa ɗaya zafi ne, duk zafi yana cin fuskar faiba yana kuma ƙona mai. In aka daɗe a haka, abin da ya faro daga ƙura a kan waya zai ƙare da giyar da sai an farke ta. Ranar da makaniki ya buɗe ya ga faiba sun yi baƙi ƙirin, ba ƙarya ya yi ba in ya ce giya ta ƙone. Sai dai in ba a nemi abin da ya ƙona ta ba, wadda aka ɗora ma hanyar za ta bi.

Sensar totur ita kuma cinyewa take yi a daidai wurin da ƙafa ta fi zama. Sai ka ga ana tafiya lafiya, mota ta sauka giya da kanta, ta koma, ta sake sauka, ko ta shiga giya da fizga har fasinja ya ji a bayansa.

Akwai wata ɗabi'a a garejojinmu da ba na goyon bayanta ko kaɗan, kuma ina faɗa a gaban ko wane ne. Da zarar mota ta iso daga Kwatano ko Legas, sai a ce ai an yi ta ne don ƙasar sanyi, a cire tamostat, wato bawul ɗin da ke tsare ruwa a cikin inji har sai ya ɗumama, a yar, a haɗa fankar lagireto kai tsaye ta riƙa juyawa tun daga kunna mota. Masu yin haka niyyarsu kirki ce, tsoron zafin Maris da Afrilu suke yi, lokacin da rana ke kai maki 40 a ma'auni. Amma kwamfuta tana duba zafin ruwan inji kafin ta saki giya. A Toyota da yawa na shekarun 2000, in ruwan bai kai kusan maki 60 ba, kwamfuta ba za ta yarda a shiga giya ta ƙarshe ba, ba za ta kuma kulle kwambata ba, wato dunƙulen ƙarfen nan mai cike da mai da ke tsakanin inji da giya. Da gangan aka tsara haka don inji ya yi saurin ɗumama. To motar da ba ta da tamostat, da asubahin hunturu ko cikin ruwan Agusta a kan babbar hanya, ruwanta na iya ƙin kaiwa wannan matakin. Mai mota ya zo yana cewa giya ba ta cika, inji na ta ihu, fetur kuma na zurarewa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wannan ba ƙaramar asara ba ce ga magidanci. Haka abin yake in sensar zafin ruwa ce ta lalace tana cewa da sanyi alhali inji ya yi zafi, har ma ya fi muni, domin kwambatar da ba ta kulle ba dafa man giya take yi a doguwar tafiya.

Sai sensoshin gudu. Yawancin giya na da biyu, ɗaya tana ƙirga juyin da ke shiga daga inji, ɗaya tana ƙirga wanda ke fita zuwa tayoyi. Da su kwamfuta ke tabbatar da cewa giyar da ta ba da umarni ita ce ta shiga. In ɗaya ta ɗauke, kwamfuta ba ta yin caca. Sai ta tsayar da mota a giya ɗaya, galibi ta uku, a wasu motocin ta biyu, ta kuma saki matsin mai gaba ɗaya don kada faiba su zame. Shi ya sa za ka ji ƙara "kum" in ka sa D ko R, mota ta tashi da kyar, ta kuma ƙi canza giya ko da ka yi nisa. A wasu motocin maleji ya kwanta. A Honda za ka ga harafin D na gaban direba yana ƙiftawa. An yi wannan ne don mutum ya lallaɓa zuwa gareji, ba don ya tafi Gombe ya dawo ba. A sababbin motoci kuma lissafin gudu daga sensoshin birki na ABS da ke jikin tayoyi yake zuwa, saboda haka wayar da ta tsinke a bayan taya lokacin gyaran ƙafa tana iya bayyana a matsayin ciwon giya.

Wata Hajiya, malamar makaranta, ta zo min da irin wannan. An riga an yi mata kuɗin giya, maigidanta na shirin turawa Kano. Ta ce, "Malam, don Allah ka duba min ita kafin a tura kuɗin nan, hankalina bai kwanta ba. Jiya lafiya lau na ajiye ta." Wannan maganar ta ƙarshe ita ta ja hankalina, domin giyar da ta tsufa ba ta mutuwa a dare ɗaya mota na tsaye. Na ce, "Hajiya, ina ake ajiye ta da dare?" Ta ce a rumfa, jikin ɗakin da suke ajiye hatsi. Na sa yaro ya cire batir da gidan matatar iska, na haska tocila a saman giyar. Ga ɓawon gyaɗa, ga kashin ɓera, ga wayoyin sensar gudu an gwaguye rigarsu, ɗaya ta rabu biyu, jan ƙarfen cikinta a waje. Na haɗa su da dalma, na rufe, na mayar da su cikin bututun roba. Muka zagaya ta Gidan Mai muka dawo, giya na shiga ɗaya bayan ɗaya ba gardama. Na roƙe ta a canza wa motar wurin kwana.

Amma kada wani ya karanta wannan ya ɗauka kullum sensa ce mai laifi. Ciwon yana tafiya ta ɗaya ɓangaren ma, giya ita ce ke lalata sensa, kuma nan ne nake ganin an fi yin asarar kuɗi a banza. Sensoshin gudu da yawa akwai maganaɗisu a bakinsu. Duk giyar da ke aiki tana zubar da ɗan garin ƙarfe mai laushi, wannan ba komai ba ne. Amma in boris ko haƙoran giya sun fara cin juna, sai ɓarɓashin ƙarfe ya yawaita a cikin mai, ya manne a bakin sensa, ya dagula saƙon da take aikawa. Na'ura za ta nuna matsala a sensar gudu. A sayo sabuwa a sa, mota ta yi lafiya na ɗan lokaci, ɓarɓashi ya sake taruwa, a ce sensar jabu ce, a sayo wata.

Wani direban haya da ke bin hanyar Gombe ta Alkaleri ya zo min a fusace, sabuwar sensa a hannunsa, ya ce in sa masa kawai yana sauri. Na zaro tsohuwar na goga bakinta a kan farar takarda. Abin da ya fito ba gari ba ne, 'yan tsinken ƙarfe ne masu ƙyalli, in ka murza da yatsa kana jin kaifinsu. Na zaro gejin man giya na ɗiga a gefe. Man da ya kamata ya zama ja garau ya koma ruwan ƙasa mai duhu, yana warin ƙuna. Na ce, "Oga, sensarka ba ta yi maka ƙarya ba. Ƙarfe ke cin ƙarfe a ciki. In na sa maka wannan na karɓi kuɗinka, na cuce ka, kuma wata rana a daji za ta tsaya da kai da fasinjoji." Bai ji daɗi ba, kuma na fahimce shi, domin motar ce abincin gidansa. Na haɗa shi da makanikin giya, na ce ya ajiye sabuwar sensar sai an gama aikin.

Zafi ma yana yin tasa ɓarnar. Akwai wayoyi da solinoyid da sensar zafin mai da ke zaune a cikin giya, cikin mai tsundum. In man ya saba wuce kima a zafi, rigar wayoyin ta bushe ta tsage. Wani lokaci kuma robar soket ce ke saki, mai ya shiga ya bi cikin waya. An san wannan sosai a giyar Mercedes mai hawa biyar da ake kira 722.6, wadda ke cikin C-Class da E-Class na ƙarshen shekarun 1990 da na 2000: mai na yoyo ta soket mai ƙafa 13, ya bi waya har ya iya kaiwa ga kwamfutar giyar. Sannan ga batun irin man da ake zubawa. Ba kowane jan mai ne man giyarka ba. Toyota na da T-IV da WS, Honda na da Z1 wanda DW-1 ya maye gurbinsa, Nissan masu irin giya otomatik da ake kira CVT na da NS-2 da NS-3. In aka zuba wanda bai dace ba, kulocin kwambata ya fara karkarwa, kwamfuta ta yi ƙorafi, sai a bi solinoyid da canji alhali man ne.

Yanzu maganar na'urar duba mota, wadda ta yawaita a gari, har da ƙananan da ake haɗawa da wayar hannu. Tun daga motocin 1996 Amurka ta wajabta tsarin duba lafiyar mota da ake kira OBD-II, Turai ta biyo baya ga motocin fetur a 2001, shi ya sa kusan duk motar da aka shigo da ita daga can tana da soket mai ƙafa 16 a ƙarƙashin sitiyari. Alheri ne babba. Amma lambar da na'ura ke nunawa ba sunan kayan da za a saya ba ne. P0700 iyakarta tana cewa kwamfutar giya na da ƙorafi, sai an shiga ɓangaren giya an karanta ainihin ƙorafin, kuma ƙananan na'urori da yawa ba sa iya shiga can. P0715 da P0720 suna cewa saƙon sensar gudu bai zo daidai ba, wanda zai iya zama sensar, ko wayarta, ko soket da ruwa ya shiga a wurin wankin inji, ko ɓarɓashin da na ambata. P0730 kuwa tana cewa lissafin abin da ke shiga da abin da ke fita bai yi daidai da giyar da aka umarta ba. Ko dai faiba na zamewa da gaske, ko ɗaya daga cikin sensoshin na ƙarya. Lambar kaɗai ba za ta raba maka gardama ba, sai an hau mota an tafi, ana kallon abin da kowace sensa ke faɗa a kan allo lokacin da matsalar ke faruwa.

Ita kanta kwamfutar tana lalacewa, ko da yake ita nake zargi a ƙarshe. A watan Agustan 2010 Toyota ta janye Corolla da Matrix na 2005 zuwa 2008 sama da miliyan ɗaya a Amurka saboda tsagewa a allon kwamfutar inji, kuma cikin alamomin da kamfanin ya lissafa har da shigar giya da fizga. A RAV4 na 2001 zuwa 2003 ma an san kwamfuta na jawo fizgar da in aka ƙyale ta take lalata giya, har kamfanin ya tsawaita garantinsu a can. Irin waɗannan motocin suna nan birjik a titunanmu, kuma ba kowacce aka gyara kafin a ɗora ta a jirgin ruwa ba.

Ni dai in aka kawo min mota da kukan giya, da batir nake farawa. Batir lafiyayye yana nuna kusan volt 12.6 in mota na kashe, in tana kunne kuma tsakanin 13.5 da 14.5. Wuta mai rauni, ko wayar da ke haɗa batir da jikin mota in ta yi tsatsa, tana iya sa sensoshi da dama su yi ƙarya lokaci ɗaya. Daga nan sai mai: yawansa, launinsa, warinsa. In ya koma kamar an gauraya shi da madara, ruwan lagireto ne ya shiga ta bututun sanyaya man giya, kuma wannan ba aikina ba ne, na makaniki ne cikin gaggawa. Sannan lambobi, sannan wayoyi da soket, sannan gwajin hanya. Sai duk waɗannan sun fita zargi nake cewa a sauke giya, kuma in lokacin faɗa ya yi ba na ɓoyewa.

Ina roƙon masu motoci abu ɗaya. In an duba muku mota, ku ɗauki hoton lambobin da waya kafin a goge su. Mutane da yawa suna biyan kuɗi don a kashe musu fitilar gargaɗin inji kawai, wasu dillalan ma cire ƙwan suke yi ko su liƙe shi kafin su sayar. Mai saye ya murza makulli ba tare da ya tayar da inji ba, ya tabbatar fitilar ta kama tare da sauran, in ba ta kama ba an taɓa ta. Goge lamba yana share bayanin da kwamfuta ta adana na daidai lokacin da matsalar ta faru, gudun mota da zafin inji da yadda aka taka totur, kuma wannan bayanin ne ke rage mana lalube.

In kuma ta tabbata sai an ɗora wata giyar, a dubi lambar da ke jikinta ta yi daidai da ta motar, domin giya biyu na iya kama da juna a ido amma soket da lissafin haƙoransu sun bambanta, kwamfuta kuma ba za ta karɓa ba. A wanke bututun sanyaya mai da ke cikin lagireto ko a canza shi, saboda ɓarɓashin tsohuwar giyar yana nan a maƙale a ciki, da an tayar da inji zai bi mai ya shiga sabuwar. Kuma kafin motar ta bar gareji a kira mai wayarin ya duba sensar iska da ta totur da ta zafin ruwa, a mayar da tamostat in an cire shi.